Kada Ki Rantse Ba Ki Jin Sanyi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a mota kika buɗe ta, ko cikin jirgi, ko sai kin isa kin huta. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sauke ki lafiya a garin nan na Turkiyya da har yau bakina ya kasa kama sunansa.

Kin san ba ni iya zaunar da ke in yi doguwar magana. Ke ce 'yar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, kunya biyu ta haɗu a kan mutum ɗaya. Shi ya sa na zauna gindin darbejiyar ƙofar gida da biro, tumaki na kallona kamar sun san ba sana'ata ba ce. Labarin gida ba za ni ba ki ba, yadda kika bar shi haka yake. Maganar sanyi za ni yi miki.

Likita ya gaya mana tun kina ƙarama cewa mai sikila ba ta da abokin gaba kamar sanyi da ƙishirwa. Yanzu ga ki za ki karatun haɗa magunguna a garin da aka ce ƙanƙara na kwana watanni a kan rufin ɗaki, kuma a tsakiyar lokacinta za ki sauka. Wannan kaɗai ya isa ya hana uba sukuni. Amma abin da ya fi damuna halinki ne. Tun kina 'yar mitsitsiya, in ciwon ya taso ba ki kuka. Sai ki juya fuska ga bango ki ce barci kike ji, ƙashinki na ci, ke kuma kina cije leɓe. A gida muna da ido, muna ganewa. Can babu wanda ya san ma'anar juya fuskarki ga bango.

Ban ga laifinki ba, don ba a ƙasa kika tsinci halin ba. Ubana Bagobiri ne na Gangara, wanda ko kunama ta harbe shi sai ya ce ƙaya ce. Uwata kuwa Bafillatana ce daga wajen Burkusuma, wadda ba ta taɓa cewa tana jin yunwa ba a gaban mutum. Taurin kan wancan da kunyar waccan suka taru a kaina, ni kuma na miƙa miki. Saboda haka bari in gaya miki inda wannan gadon ya kai ni, lokacin da na je ƙasar sanyi.

Ina saurayi, shekarar da gero ya ƙi kuma Inna ta rasu, na bi 'yan ci-rani muka yi arewa. Muka bi ta Maraɗi muka kai Agadas, daga nan muka hau babbar mota za mu ƙetare hamada zuwa Aljeriya. Da rana tsaka aka yi lodi, rana na dukan ƙeya, gumi na bin baya. Ina da bargon saƙi guda na Inna, mai nauyi, har lokacin da ƙanshin hayaƙin ɗakinta a jikinsa. Na dubi rana, na dubi bargo, na cusa shi can ƙasan jaka. Yaran mota suka jefa jakar ƙarƙashin buhuna da jarkoki, suka ja igiya suka ɗaure tamau, muka hau bisa kaya muka zauna.

Da la'asar ta yi sanyi sai iska ta sauya. Yashi ya yi ja, ya koma ruwan toka, sama ta buɗe ta yi faɗin da ban taɓa gani ba, mutane duk suka yi tsit kamar an shiga masallaci. Ina cikin kallon wannan kyau sanyi ya shigo ta hannun riga ya zauna mini a ƙirji. Kowa ya jawo abin rufarsa. Ni kuwa bargona na ƙarƙashina, a kansa nake zaune, amma da shi da wanda ke Gangara duk ɗaya. Wani dattijo Ba'adare da ke gefena ya buɗe gefen nasa ya ce in shigo. Na ce masa na gode, ni ba ni jin komai.

To ke kada ki yi haka. Rigar sanyin nan mai kauri, da hular ulu, da safar hannu da ta ƙafa, da maganinki, su zauna cikin jakar da ke kafaɗarki. Kada zafin Sakkwato ko na Abuja ya ruɗe ki ki sa su cikin babban akwati, don an ce akwati na iya bin wani jirgi ya bar mai shi tsaye. Cikin jirgin ma an ce da sanyi, ki nemi bargo, ba roƙo ba ne, don ku aka ajiye shi. Ki riƙa tashi kina ɗan takawa, kada jini ya kwanta miki a ƙafa. Kuma kafin a buɗe ƙofa ki riga ki shirya tsaf, don tsakanin ƙofar jirgi da ƙofar mota nan sanyi ke fara gaisawa da baƙo.

Na daɗe ina gangarawa daga wannan aiki zuwa wancan har na dangana da wani ƙauye a kan tudu, can arewacin Aljeriya, inda wani Balarabe ya ɗauke ni kiwon tumaki. A nan na sadu da Lamidi, Bayarabe ne da ya girma a Gusau, yana gyaran injin ban ruwa a gonakin wurin. Da ya ga zanen fuskata sai ya fashe da dariya, ya ce Allah Ya kawo masa bawansa har gida. Kin san tsakaninmu da Yarbawa, wasan taubasai ne, ba a fushi. Na ce masa ya zo ya ɗauki jakar ubangidansa. Tun daga ranar muka zama 'yan uwa.

Da sanyi ya fara matsowa na shiga kasuwa na sayi wata ƙatuwar kwat ta sojoji, mai nauyin ɗan maraƙi. Na ɗora ta a kan 'yar shara guda ta auduga, na ce to, sanyi ya zo mu gani. Da safe in kora tumaki mu hau tudu, kafin mu kai sama na jiƙe sharkaf da gumi. In na tsaya, gumin ya huce a jikina, rigar ciki ta manne mini kamar an tsoma ta a randa. Ga kwat a kaina, ga haƙora na haɗuwa. Lamidi ya dube ni wata rana ya tambaye ni yadda matan garinmu ke kai tuwo gona. Na ce a kwano, a naɗe shi da zane, a sake naɗewa da wani, a sa cikin kwando. Ya ce to me ya sa ni na fi tuwo wauta.

Gaskiyarsa. Tufa marasa kauri, ɗaya bisa ɗaya, sun fi ƙato guda riƙe ɗumi. Ta jikin fata kada ta zama auduga, auduga na shan gumi ta riƙe. Ki nemi irin tasu ta can mai laushi da ke bushewa da wuri. Sai rigar ulu a kai, sai wadda iska ba ta ratsawa daga waje. In kin shiga mota ko aji mai ɗumi ki rage ɗaya tun kafin gumi ya zo, in za ki fita ki mayar. Na san ki da jin nauyin mutane, za ki ce kunya ce ki yi ta tuɓewa da sawa a gaban jama'a. Can kowa haka yake yi, ba mai kallonki. Hijabin nan naki mai shara-shara kuma ba zai tsare miki kunne ba, ki sa hular ulu a ƙarƙashinsa, ki naɗe wuya. In kin wanke kai kada ki fita sai ya bushe sarai. Man kaɗen da mahaifiyarki ta ɗura miki, ki shafa a leɓe da hannu da dunduniya kullum.

Ranar da na fara ganin dusar ƙanƙara ina bayan tumaki a kan tudu. Ruwan samanmu yana sallama tun daga nesa, da iska da cida, kowa ya ruga ya kwashe shanya. Ita ba ta sallama. Sai kawai na ga abu na saukowa a hankali kamar audugar rimi, yana sauka a bayan tumaki, yana sauka a hannuna ya ɓace. Duniya ta yi shiru, har ƙararrawar wuyan ragon gaba sai na ji ta kamar daga wani gari. Duwatsu suka ɓace, hanya ta ɓace, itatuwa suka tsaya farare kamar masu jiran sallar idi. Na tsaya na buɗe baki ina kallo, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Har yau in na rufe ido bayan sallar azahar ina ganin wannan saukowar. Ke ma za ki gani, kuma za ki so ki tsaya cikinta. Ki kalla, Innata, abin kallo ne, amma ki kalla ta taga da kofin shayi a hannu.

Yanzu maganar ƙafa. Kin tuna kina yarinya kina mintsinin yatsuna biyu na ƙafar hagu, kina dariya wai Baba ba shi jin zafi? Ban taɓa gaya miki dalili ba. Takalmin roba na je da shi, irin na makiyayanmu, mai kama ƙafa tsam. In lokacin salla ya yi a daji sai in fasa ƙanƙarar da ta rufe kwamin shan tumaki in yi alwala, in mayar da ƙafa cikin roba a jiƙe. Ina ganin wannan shi ne jarumta a addini. Wata rana na dawo na ga yatsun sun yi fari fat, na taɓa ban ji ba. Maimakon in nuna wa wani, sai na miƙa su bakin wuta. Da yake ba su ji, ban san sun ƙone ba sai da na ji ƙauri.

Kwanan baya na hau babur na je Kurawa wurin Malam na tambaye shi saboda ke. Ya ce ki ɗumama ruwan alwala, ba laifi ko kaɗan. Ya ce akwai huffi, safar fata da ake sawa bayan alwala a riƙa shafa a kai, kuma ranar da jiki ya motsa har ruwa zai cuce ki, ki yi taimama. Da na ba shi labarin yatsuna ya girgiza kai ya ce da na zauna makaranta da kyau da yanzu suna nan da ransu. Saboda haka ki tsane ƙafa sosai, har tsakanin yatsu, kafin ki sa safa. Takalmi ya zama mai ɗan yalwa wanda ruwa ba ya shiga, don matsattse na hana jini gudu. Safa in ta jiƙe ki sauya nan take, ki riƙa yawo da wata a jaka. In kuma wani wuri ya mutu miki, yatsa ko kunne, kada ki kai shi ga wuta, kada ki murza. Ruwa mai ɗumi-ɗumi za ki sa, sannan ki nemi likita.

Ruwan sha kuma, a can ƙishirwa ba ta kiran mutum. Nakan wuni ban sa komai a baki ba sai ɗan shayi mai ɗaci, sai ciwon kai ya sauko mini da yamma in rasa dalili. Ni jikina ya ɗauka, naki ba zai ɗauka ba. Ki cika fulas da ruwan ɗumi kullum, ki ɗaura shansa da salla, kafin ki tayar ki sha, in kin sallame ki sha, ko ba ki so. Kada ki fita da safe ciki wayam. Garin kunun da aka haɗa miki da citta da kanumfari na sha ne, ba na ajiya ba, na san ki da tattali.

Duk waɗannan ƙananan wauta ne. Ga babbar.

Maigidana, Balaraben nan mai tumaki, yana da uwa, tsohuwa 'yar ƙarama mai zanen shuni a haɓa, ita ke miƙo mini gurasa da safe. Tun farkon sanyi take tambayata ko ina jin ɗari. In ce a'a. Washegari ta sake tambaya, in ce a'a. Mutanen kirki ne, ba su gajiya da tayi. Wata safiya ta fito riƙe da wata doguwar rigar ulu mai haɗe da hula, kashabiya suke ce mata, ta marigayi mijinta ce. Ta miƙo mini a gaban ɗanta da jikokinta. Na ji duk idanu a kaina. Wani abu ya taso mini, na ga kamar in na karɓa na zubar da Gobir gaba ɗaya a ƙasar mutane. Sai na ɗaga hannu na ce wallahi ba ni jin sanyi, da ɗan Larabcin da na tsinta. Tsohuwa ta dube ni, ta dubi rigar, ta naɗe abinta ta koma ciki. Daga ranar ba ta sake tambaya ba.

Kin ga na ɗaure kaina da bakina. Wanda ya rantse ba shi jin sanyi ba zai je ya ce a ƙara masa bargo ba. Ɗakina na bayan garke, ginin dutse, da ƙofar ƙarfe da 'yar taga ta gilashi. Wata rana ƙanƙara ta yi yawa ba a fita kiwo ba. Bayan azahar na saci jiki na ɗebo gawayi a wani tsohon kwano, na hura, na shigo da shi ɗaki a ɓoye don kada a gani a ce Bagobiri ya karaya. Na rufe ƙofa, na toshe ƙasanta da tsumma, na toshe bakin taga. A gida haka muke yi, kowace tsohuwa da kaskonta a ɗaki lokacin ɗari. Abin da ban lura ba shi ne ɗakunanmu na numfashi, iska na shiga ta jinka, ta asabari, ta ko'ina. Nasu kuwa in an rufe an rufe.

Innata, ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba. Ɗumi ya bi ƙafafuna ya hau, jikina ya saki, kaina ya yi sakayau. Sai ga ni a bakin gulbin garinmu da kaka, ruwa ya ja baya ya yi garau har ana ganin yashin ƙasa. Fadama ta yi kore, ana ban ruwan albasa, wani na waƙa can nesa ba na jin kalmomin. Shanu na ƙetarewa a hankali, ruwa na zuba daga bakinsu, balbelu na bin su. A wancan ƙetaren ga Inna tsaye da ƙwaryar nono a kai, da zanenta baƙi, ba ta tsufa ba, ba ta yi ciwo ba. Ta yafuto ni da hannu.

Ta ce, "Taho mana, mi kaka jira? Ruwan da ɗumi."

Na sa ƙafa, da ɗumi kuwa. Na shiga har gwiwa, har ƙugu. Ina jin ƙanshin nono da hayaƙin ɗakinta. Babu gajiya, babu kewa, babu komai a raina sai son in kai gare ta. Na kai tsakiyar gulbi ke nan wani sanyi ya mare ni a fuska.

Lamidi ne. Ya zo kawo mini ziyara, ya buga ƙofa shiru, ya leƙa ta gilashi ya ga kwanon garwashi. Shi da maigidana suka ɓalle ƙofar suka jawo ni waje kan ƙanƙara. Na farka ina amai, kaina kamar ana sara da gatari. Kuma in gaya miki gaskiya, haushinsu na ji. Na so su bar ni in ƙarasa ƙetarewa. Wannan shi ne sharrin hayaƙin gawayi, ba shi da wari, ba shi da zafi, lallashi yake yi har ya tafi da mutum.

Shi ya sa muka yi 'yar rigima da mahaifiyarki a kan akwatinki. Na tarar ta sa miki kaskon turare da ƙullin gawayi. Na ce a fitar. Ta ce, "Ɗiya macce ta tai ƙasar mutane ba turare, a ce ba ta da uwa?" Muka shirya a kan turaren ya tafi, kasko da gawayi su zauna. An ce akwai na lantarki, ki nema can. Garwashi kada ya shiga ɗakinki ko na ƙiftawar ido, ko wace ƙawa ce ta kawo. Ɗakunansu da abin ɗumama su, in naku ya lalace ki je ki faɗa a ranar. In kuma kika ji barci mai daɗi na janki da rana tare da ciwon kai a ɗaki rufaffe, ki tashi ki buɗe taga ki fita.

Da na ɗan farfaɗo tsohuwar nan ta shigo da kashabiyar. Ba ta tambaye ni komai ba, ta sa ɗanta ya ɗaga ni ta zura mini. Ta yi magana, Lamidi ya fassara.

"Ta ce tun farkon ɗari ta san ƙarya kake, leɓenka ya gaya mata. Amma ka sa sunan Allah a gaba, ita wace ce da za ta ƙaryata? Ta ce kullum da safe sai ta taɓa rigar nan a inda ta rataye ta, ta ce ko yau yaron nan zai yi magana."

Na sa fuska cikin hular rigar na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Inna. Rigar nan tana rataye taku kaɗan daga inda nake kwana ina rawar ɗari, tun farkon sanyi. Lamidi bai tsokane ni ba a ranar, sai da aka kwana biyu ya fanshe.

To, yanzu in zo kanki. Ƙarshen daminar nan, da ruwa ya dake ki a kan babur a hanyar Isa, kika aiko cewa za ki zauna wurin Gwaggonki ki taya ta ɗinki. Na san ba ɗinki ba ne. Gwaggo ta kira ni a waya tun washegari. Na zo, na ajiye babur nesa da gida, na shiga zaure na zauna. Ta bangon nan na ji numfashinki, irin wanda na sani. Na ji kuma abin da kika ce mata.

"Gwaggo, don Allah kak ki gaya ma Baba. In ya ji hana ni tahiya za shi yi."

Na zauna a zauren har la'asar. Na ba Gwaggo maganin da na zo da shi na ce ta ce ita ta saya. Na hau babur da niyyar ina isa gida za ni ce tafiya ta fasu, kowa ya yi haƙuri. A hanya na tsaya bakin ruwa ina jiran kwalekwale, ina kallon yadda yamma ke sauka a kan gulbi, sai abin ya faɗo mini. Ba sanyi kike ɓoye wa ciwonki ba, ni kike ɓoye wa. Ni na zama idanun da ake rantsuwa a gabansu. In na hana ki, na koya miki ke nan har abada cewa wanda ya faɗi ciwonsa shi ke asara. Kafin kwalekwale ya iso na san za ki tafi.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma shi kaɗai ne in kin manta sauran ba za ni yafe da sauƙi ba. Ranar da kika sauka, kafin ki buɗe akwati, ki sami mutum guda, abokiyar ɗakinki ko matar da ke kula da gidan kwananku, ki gaya mata sunan ciwonki da abin da za a yi in ya taso. Ki je asibitin makaranta ki nuna kanki tun kina lafiya. A yarensu, kafin ki koyi sannu da na gode, ki koyi ina jin sanyi, ki koyi ina jin ciwo. In aka miƙo miki riga ki karɓa tun a tayin farko. Kada ki rantse.

In na kira ki a waya na ce ya jiki, kada ki yi saurin cewa lafiya lau. Na yi miki alkawari tsakanina da Allah, in kin ce da ciwo ba za ni ce ki dawo ba. Za ni ce sannu, in tambaye ki wa ke kusa da ke. In kuma wata rana ke da kanki kika ga abin ya fi ƙarfinki kika dawo, ba mai buɗe baki a gidan nan, ɗakinki na nan.

Na san abin da nake nema da wuya, don ni ban taɓa yi ba a gabanki. Bari in fara, ki ga ba a mutuwa. Innata, tsoro nake ji. Tun da aka sa ranar tafiyarki tuwo ba ya wuce mini, in na je gona sai in tsinci kaina tsaye da fartanya a hannu ban san me nake kallo ba. Ina tsoron ƙanƙarar nan ta same ki ke kaɗai, ki juya fuska ga bango, ni kuma ina nan gindin darbejiya ban sani ba. Ban gaya wa mahaifiyarki ba, ban gaya wa Malam ba. Ga shi na rubuta, rubutun ya karkace, kuma ina nan zaune ba abin da ya same ni. Saura ke.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya ɗumama miki ƙasar da za ki taka. Ya haɗa ki da mutane masu tambaya, Ya buɗe bakinki ki ba su amsa. Ya sa ciwon nan ya yi barci har ki gama abin da ya kai ki, Ya dawo mana da ke da ƙafafunki. Allah Ya yi miki albarka duniya da lahira. Mahaifiyarki da ƙannenki da Gwaggo suna gaishe ki.

Ni ne mahaifinki,
daga Sabon Birni.